Fitsari na kufce min in na yi tari, likita ya ce a sa min raga. Akwai wadda ta taɓa yi?

Uwar Biyar:

Assalamu alaikum 'yan uwa. Na daɗe ina karanta abin da kuke rubutawa ban taɓa cewa uffan ba, yau dai larura ta sa na ajiye kunya.

Shekarata 44, haihuwata biyar, dukansu da kaina na haife su. Na huɗun ƙato ne, na sha doguwar naƙuda. Tun bayan auta, shekara shida ke nan, in na yi tari ko atishawa sai fitsari ya kufce min. Da fari ɗigo ne. Yanzu ko dariya na ƙyalƙyale da ita, ko na ɗaga bokitin ruwa, sai na ji ɗumi. Ba na jin yana zuwa, sai dai in ji ya zo. Da dare kuwa lafiya lau nake kwana. Audugar mata uku nake canzawa a wuni, mura kuwa ta zama abar tsorona. Na rage shan ruwa, sai fitsarin ya yi ja, zarninsa ya ƙaru.

Ƙanwata ta tsorata ni da cewa yoyon fitsari ne. Likitan mata ya duba ni, ya sa na yi tari da mafitsara cike, ya ce ba shi ba ne, babu ɓula ko'ina, abin da ke tallafe da bututun fitsarin ne ya saki. Ya ce akwai tiyatar da ake saka wata siririyar raga a ƙarƙashin bututun ta tallafe shi. Kalmar raga ɗin nan ita ta hana ni barci. Abu zai zauna a jikina har abada? Don Allah wadda ta yi, ko ta san wadda ta yi, ta gaya min gaskiya, da daɗin da rashin daɗin.

Anti Nas:

Wa alaikumus salam. Sannu Uwar Biyar. Na yi shekaru a ɗakin tiyatar mata, bari in faɗi abin da na sani.

Likitanki ya yi daidai da ya raba miki su. Mai yoyon fitsari tana tsiyaya dare da rana, ko tana kwance, domin rami ne ya buɗe tsakanin mafitsara da gaba. Akwai kuma wadda fitsari ke matsarta farat ɗaya, kafin ta kai banɗaki ya zubo, ita kuma mafitsararta ce ke matsewa ba da izini ba, magani da horar da mafitsara ake fara mata, raga ba ta gyara wannan. Naki na uku ne: tari ya danno ciki, bututun bai sami abin jingina ba, sai ya buɗe.

Ragar tsiri ce ta wani zaren roba, faɗinta kamar santimita ɗaya. Ki ɗauke ta kamar majanyi: ba ɗaure bututun ake yi ba, shimfiɗa ta ake yi a ƙarƙashinsa sakwa-sakwa, sai kin yi tari ya dannu a kanta ya rufe. Wani likita a Suwidin, Ulf Ulmsten, shi ya fito da ita a tsakiyar shekarun 1990, ana ce mata TVT. Ana ɗan tsaga cikin gaba, a bi da bakunan ragar ta bayan ƙashin mara su fito ta ƙananan huji biyu a ƙasan ciki. A 2001 wani likitan Faransa, Delorme, ya kawo wata hanyar, TOT, wadda ke fita ta matsematsi. Ta farko an fi samun a huda mafitsara wajen sakawa, shi ya sa ake leƙa ciki da kyamara kafin a tashi, kuma an fi samun wahalar fitar fitsari bayan aikin. Ta biyu an fi kuka da ciwon matsematsi da cinya. Aikin kamar rabin awa ne. Cikin mata goma, kimanin takwas suna bushewa ko su sami sauƙi sosai.

Amma tambayata: kin yi atisayen matse tsokokin ƙasa, wato waɗanda ke riƙe fitsari? Ƙa'ida ita ce a yi shi aƙalla wata uku, ƙarƙashin kulawar wadda ta san aikin, kafin a yi zancen wuƙa. Kuma ki koma shan ruwanki, fitsari mai kauri ƙara tsokanar mafitsara yake yi.

Maman Tagwaye:

Ni an yi min, shekara huɗu ke nan, irin ta bayan ƙashin maran. Allurar baya aka yi min, ina jin hirarsu har aka gama. Abin da ba a shirya ni a kansa ba shi ne na kasa fitsari bayan aikin. In zauna, in yi ta jira, sai ɗan tsurut. Aka mayar min da robar fitsari na koma gida da ita, kwana uku ina ja da jaka a cinya ina kuka, na ɗauka shi ke nan na sayo wa kaina wata cutar. Da kumburin ya sauka aka cire, ya dawo. Har yau dai ba ya fita da ƙarfi kamar da, sai na zauna na natsu, ba na yin na gaggawa.

Sati shida aka hana ni ɗaukar kaya masu nauyi da kwanciyar aure. Ki shirya wanda zai riƙe miki aikin gida tun kafin ranar, don ni a sati na biyu na manta na sungumi ɗan jikana, Allah ne ya kiyaye.

Ranar da mura ta fara kama ni bayan aikin, na yi atishawa uku a jere, na tsaya ina jiran ɗumin nan, shiru. Wallahi sai da na shiga ɗaki na duba. Ni kam ban yi nadama ba.

Gimbiya:

Ni ba zan ce kar ki yi ba, amma ki ji ɗaya ɓangaren. Yayata aka yi wa ta matsematsin. Zubar ta tsaya, amma ciwo ya zauna mata a cinyar hagu, hawa bene ya zama aiki. Bayan shekara ɗaya mijinta ya fara cewa wani abu na sokinsa, ita kuma tana ganin ɗan jini. Ashe gefen ragar ne ya ɓullo ta cikin gaba. Sau biyu ana komawa ana yanko ta, kuma an gaya mata cire ta duka ba wasa ba ne, don nama ya riga ya saƙe da ita. Abin da ya fi ci mata rai, wata da watanni tana zuwa da kukan ciwo ana ce mata zai wuce.

Irin waɗannan koke-koken ne suka sa Ingila ta dakatar da saka ragar a watan Yulin 2018. Ki tambayi likitanki ko yana yin wadda ake yi da naman jikin mutum. Ana yanko tsiri daga farin tantanin nan mai ƙarfi da ke lulluɓe da tsokar ciki, ko na cinya, a yi majanyin da shi. Yankan ya fi girma, jinyar ta fi tsawo, amma babu baƙon abu a jiki.

Anti Nas:

Gaskiya ne Gimbiya, Allah ya ba yayarki lafiya. Ɓullowar raga ba ta cika faruwa ba, amma wadda ta faɗa wa ba ruwanta da lissafi. Sai dai a rarrabe: a 2019 hukumar magunguna ta Amurka ta hana sayar da faffaɗar ragar da ake sakawa ta gaba don saukowar mafitsara da makamantanta, amma ba ta haɗa da wannan siririyar ta fitsari ba, har yanzu suna yi. Ta naman jikin ma tana da nata, an fi samun wahalar fitar fitsari bayanta. Akwai kuma aikin Burch, inda ake ɗaga gefen wuyan mafitsara da ɗinki, da allurar da ake cika bangon bututun da ita. Allurar ta fi sauƙi amma ba ta kai tiyata ƙarko ba, sau da yawa sai an sake.

Uwar Biyar, abu ɗaya da ba ki faɗa ba: kin gama haihuwa? Ciki da naƙuda na iya warware aikin, shi ya sa ake so sai an rufe wannan babin.

Uwar Biyar:

Na gode ƙwarai, Allah ya saka muku da alheri. Maman Tagwaye, labarin atishawarki ya sa ni dariya, kin kuwa san abin da dariyar ta jawo.

Anti Nas kin kama ni. Da likita ya tambaye ni atisaye na ce na yi bai yi ba. Gaskiyar magana sati biyu na yi, kuma abin da nake yi shi ne in tsayar da fitsari in ina tsakiyar yi. Jiya na koma, aka haɗa ni da mai koyar da motsa jiki. Ta sa hannu ta ce in matse, sai ga shi yunƙuri nake yi ƙasa kamar mai naƙuda, ina riƙe numfashi. Ashe ina tura abin da ya kamata in ja sama! Ta ce in daina na tsakiyar fitsarin, in riƙa matsewa sau takwas, sau uku a rana, in kuma matse kafin tari ya fito. Ta ba ni takarda in rubuta abin da na sha da lokacin da ya zubo na kwana uku, ta kuma yi min zancen rage ƙiba da taurin bayan gida, wanda ban taɓa haɗa shi da wannan ba.

Na tambayi likita irin wadda yake sakawa, ya ce ta bayan ƙashin mara, ta naman jikin kuwa sai dai ya tura ni wurin wani. Ban tambaye shi guda nawa yake yi a shekara ba, da kuma wanda zai cire in ta ba da matsala. Nauyinsa na ji, amma na rubuta a takarda don zuwa na gaba.

Batun haihuwa, ni a raina na gama. Maigidan ne har yanzu in an taɓo zancen sai ya yi murmushi ya ce auta ai ba ta da ƙani. Ban taɓa gaya masa yawan audugar da nake saye ba. Yau da dare zan gaya masa. An ba ni ranar komawa bayan wata uku.