Wai dole ne sai an bar Windows 10?

Malama: Assalamu alaikum 'yan guruf, dan Allah shawara nake nema. Laftof ɗina kullum sai ta fito min da saƙo wai an daina kula da Windows 10, in koma 11, amma in na shiga Windows Update sai ta ce kwamfutar bata cika sharuɗɗa ba. Duk aikina na shekara huɗu yana ciki, sakamakon ɗalibai, hotunan yara, komai da komai. Me zan fara yi?

Yaya Babba: Wa'alaikumussalam Malama. Kar ki yi komai. Wallahi ki bar kwamfutarki yadda take tunda tana miki aiki, duk wannan surutun na Windows 11 dabara ce kawai ta a sa mutane su jefar da injin da lafiyarsa ƙalau su sayi sabo. Tun 2015 Windows 10 take aiki, ranar 14 ga Oktoba 2025 ta zo ta wuce, wa kika ji kwamfutarsa ta mutu? Tawa gata nan a gabana da ita nake miki rubutun nan.

Oga Mai Gyara: Yaya Babba ranka ya daɗe ai babu wanda yace zata mutu. Zata kunnu, Word zai buɗe, firinta zata buga, duk wannan gaskiya ne. Abinda ya tsaya ranar shine facin tsaro da ake turowa duk wata. Kuma ka san Windows 10 da 11 gida ɗaya suka fito, da yawa daga cikin ginin ciki iri ɗaya ne, to duk watan da aka toshe wata ɓaraka a 11 masu kutse suna iya duba abinda aka gyara su je su gwada shi a 10 inda ba a toshe ba, ramukan taruwa zasu dinga yi wata bayan wata kai kuma baka ganin komai a sikirin ɗinka, shine haɗarin, ba ya ƙara ba ya hayaƙi.

Yaya Babba: To antibairos ɗin fa aikin me yake? Defender, antibairos ɗin da ke zuwa da Windows, ai har yanzu yana karɓar sabuntawa a Windows 10, Microsoft ta ce har 2028. Ni bana buɗe linkin banza, bana sa fulash ɗin kowa.

Oga Mai Gyara: Eh yana karɓa, wannan ka faɗi daidai. Amma antibairos mai gadi ne, faci kuma gyaran katanga ne, in katangar ta rushe ta baya mai gadin ƙofa ba lallai ya gani ba. Ka tuna bairos ɗin WannaCry a watan Mayun 2017? Ba sai ka danna komai ba take shiga, ta hanyar da kwamfutoci ke raba fayil a junansu take bi da kanta, ta kulle fayiloli ta nemi kuɗin fansa, har asibitocin Ingila sai da suka dinga soke ganin marasa lafiya. Kuma abin takaicin, facin da zai hana ta ya fito tun watan Maris, wata biyu kafin nan, waɗanda ta kama yawancinsu basu saka bane. To su suna da facin suka yi sakaci, kai kuma facin ma ba zai zo maka ba.

Yaya Babba: Yauwa ka kawo min hujja da bakinka. A wannan WannaCry ɗin ba sai da Microsoft ta fitar wa Windows XP faci ba, alhali tun 2014 ta daina kula da ita? Kenan in abu ya yi tsanani dole su fitar.

Oga Mai Gyara: Sun fitar, bayan gobarar ta riga ta tashi. Kai dai baka so Malama ta ajiye aikin shekara huɗu akan "wataƙila zasu tausaya".

Auta: Ni fa banga abin jayayya anan ba, Anti Malama ki nemi fulash mai 8GB ki sauke Rufus, manhajar da ake ɗora Windows a fulash da ita, yana da wajen da zaki cire sharaɗin TPM da Secure Boot da na ram gaba ɗaya, minti arba'in kin gama. Ni haka nayi wa tawa kuma normal take

Oga Mai Gyara: Auta dakata dan Allah. Ka tura baiwar Allah ta yi fomatin bata kwashe kayanta ba? Bamu ma san me yasa injin ya ƙi ba tukuna.

Malama: Nima abinda nake so in sani kenan, sharuɗɗan me ake nufi? Ram ɗina 8 ne.

Oga Mai Gyara: Ram ɗinki ya wuce, 4GB ake nema, sai wajen ajiya 64GB. Inda mutane suka fi faɗuwa wuri uku ne, furosesa da TPM 2.0 da Secure Boot. Furosesa in Intel ce galibi daga janareshan na 8 zuwa sama suke karɓa, in AMD ce daga Ryzen 2000. TPM wani ɗan ɓangare ne da ke ajiye makullan sirri na kwamfuta, kuma sau da yawa yana nan a cikin injin a kashe yake kawai, a BIOS, wato saitin injin da ake shiga kafin Windows ta tashi, zaki ganshi da sunan PTT in Intel ce, fTPM in AMD ce, shi yasa nake jin haushi in naga mutum ya haƙura da kwamfutarsa alhali maɓalli ɗaya ne ba a kunna ba. Secure Boot kuma saiti ne da ke hana manhajar da ba a yarda da ita ba tashi lokacin kunna kwamfuta. Ki sauke PC Health Check daga shafin Microsoft, ita zata faɗa miki takamaimai wanne ne ya hana. Sannan ki danna maɓallin Windows da R, ki rubuta msinfo32, ki karanto min sunan furosesa da abinda aka rubuta a gaban BIOS Mode.

Yaya Babba: To ga tambaya ta, kuma ita ce asalin maganata. Furosesa janareshan na 7 da ta 8 shekara nawa ne tsakaninsu? Kusan ɗaya. Mutum na da i7 janareshan na 7 da ram 16 da SSD, tana gudu kamar me, a ce bata cancanta ba, wata ƙaramar furosesa mai rauni da ta fito bayanta kuma ta cancanta. Wannan tsaro ne ko kasuwa? Ina za a kai duk waɗannan injinan, bola?

Oga Mai Gyara: Anan kam ba zan yi maka musu sosai ba Yaya, layin da suka ja ya yi tsauri kuma ya zubar da injina masu kyau da yawa, ni kaina yana min ciwo duk ranar da na ce wa mutum naka ba zai hau ba. Amma magana biyu ce ka haɗa. Cewa sharaɗin bai yi adalci ba daban, cewa zama a Windows 10 babu faci ba komai bane daban. Ta farkon ina tare da kai, ta biyun ce bana yarda.

Ɗan Linux: Tun ɗazu nake karanta ku, Yaya Babba injin nan naka ba sai ya je bola ba ai. Linux Mint zata hau kansa lafiya lau a madadin Windows, kyauta ce, facin tsaro na zuwa, kuma zaka iya kunna ta daga fulash ka gwada wayfay da sauti da firinta ba tare da ka taɓa Windows ɗinka ba, in bata maka ba ka zare fulash ɗin shikenan.

Malama: Excel ɗina fa? Duk lissafin sakamako da shi nake yi, akwai macro da wani ya haɗa min.

Ɗan Linux: LibreOffice, madadin Office da ke zuwa da Linux Mint, yana buɗe fayilolin Excel, amma gaskiya in akwai macro ba zan miki alƙawari ba, wasu suna aiki wasu sai an gyara. Ke kam in injinki zai ɗauki 11 ki tafi can, Yaya nake wa tayin.

Auta: Amma Oga meye laifin Rufus ɗin wai, kowa fa yana yi

Oga Mai Gyara: Rufus bashi da laifi, nima ina aiki da shi kullum. Abinda nake so ka sani shine Microsoft ta faɗa ƙarara cewa injin da aka tsallake masa sharaɗi bata lamunce masa sabuntawa ba, facin wata wata yakan zo, amma babban sauyi na shekara sau da yawa sai ka sake yi da hannu, kuma kowace siga tana da wa'adinta, ta Home da Pro wata 24 ne, in ka manta ka koma inda ka gudo. Sannan daga sigar Windows 11 ta 24H2 tsofaffin furosesa irin su Core 2 Duo ko ka tsallake komai ba zata tashi ba sam. Kai da kake son ƙwaƙule ƙwaƙule ka yi a taka, ka san hanyar dawowa. Wanda da injin yake cin abinci kuma bai san BIOS ba, ban yarda a tura shi wannan hanyar a rufe ido ba.

Hajiya: Malama ni ba masaniya bace amma ki ji nawa. Na taɓa ba wani mai gyara kwamfutata ya sa min sabuwar Windows, ya tambaye ni akwai abu mai muhimmanci nace duk suna Documents ya kwashe, ashe hotunan mahaifiyata Allah ya jiƙanta suna wata folda daban da na manta da ita, ya goge komai. Har yau in na tuna sai naji zuciyata ta yi nauyi. Ki zauna da kanki ki bi folda ɗaya bayan ɗaya, kar ki bar wa kowa wannan aikin.

Malama: Allah ya jiƙan Mama ya yi mata rahama. Na gode Hajiya, wallahi jikina ya yi sanyi.

Yaya Babba: Amin. To kun gani, abinda nake gudar mata kenan, garin neman gira a rasa ido. Kuma ba masu gyara kaɗai ba, sabuntawar Oktoba 2018 ta Windows 10 da kanta ta goge wa wasu mutane fayiloli har sai da aka janye ta.

Oga Mai Gyara: Ya faru, kuma shi yasa ko me mutum ya zaɓa kwafin ajiya ne farko, har kai Yaya da kace ba inda zaka, don rumbun kwamfuta na iya mutuwa ranar da ba a taɓa komai ba. Malama ki nemi rumbu na waje ki kwafe Desktop da Documents da Downloads da Pictures da duk wani ɓangare na D in akwai, mafi muhimmancin kuma ki ƙara ɗora su a gajimare ya zama wuri biyu, sannan ki buɗe wasu daga cikin kwafin ki tabbatar suna buɗuwa, mutane da yawa sai ranar buƙata suke gane kwafin rabi ya tsaya. In kin gama ki zare rumbun ki ajiye shi gefe, kar ya kasance a jone lokacin aikin. Ki rubuta kalmomin sirrinki na imel da na burawuza, da lasisin Office ɗinki, ki duba shafin kamfanin firintarki ko suna da direba na Windows 11. In BitLocker, wato abinda ke kulle bayanan rumbu a Windows, a kunne yake ki nemo makullinsa mai lamba 48 ki rubuta a takarda kafin ki taɓa BIOS, don canza saitin TPM ko na Secure Boot na iya sa ya tambaye ki shi, in babu ke da fayilolinki sai kallo. Ranar aikin kuma caja a jone daga farko har ƙarshe.

Malama: In na hau kuma naga bata min ba fa?

Oga Mai Gyara: In ɗorawa kika yi akan ta 10 ba gogewa ba, kina da kwana 10 ki koma ta cikin Settings, tsohuwar tana zaune a folda mai suna Windows.old, kar ki goge ta don neman fili. In gogewa aka yi aka sa sabuwa fil, babu wannan hanyar.

Yaya Babba: Ni dai har yanzu banga abinda 11 zata bani ba. Da ta fito a 2021 ko taskba baka isa ka mayar gefe ba, danna dama ma sai ka ƙara dannawa kafin ka ga abinda ka saba gani, ga tilasta asusun Microsoft wajen saitawa.

Oga Mai Gyara: Ban ce ka so ta ba. In zaka zauna to ka shiga shirin ESU, wanda suka sanar zai ba masu amfanin gida facin tsaro na ƙarin shekara ɗaya zuwa 13 ga Oktoba 2026, sai injin yana kan 22H2, sigar ƙarshe ta Windows 10, kafin ya shiga. Lokacin shiri ne suka baka. Kuma ka tuna yadda ta kasance da Windows 7, an daina kula da ita Janairun 2020, mutane suka ce ba komai, farkon 2023 Chrome ya tsaya musu a siga ta 109. Ranar da burawuzar da kake shiga banki da ita ta daina sabuntawa ai maganar ta canza.

Yaya Babba: ESU ɗin zan duba, wannan na ji. Amma injina ba zan canza ba sai ya mutu da kansa. Ɗan Linux ka turo min yadda ake haɗa fulash ɗin in gani da idona.

Malama: Oga na duba. Furosesa i5-8250U, a gaban BIOS Mode kuma an rubuta Legacy, PC Health Check ɗin tana ƙorafin Secure Boot.

Oga Mai Gyara: Alhamdulillah, janareshan na 8 ce, injinki ya cancanta. Wanda ya sa miki Windows ne ya sa ta a tsohon tsari, wato Legacy, Secure Boot kuma sai a sabon tsari na UEFI yake aiki. Dan Allah kar ki je BIOS ki mayar UEFI yanzu, in kika yi haka kafin a juya tsarin rumbun daga tsohon (MBR) zuwa sabon (GPT) kwamfutar ba zata tashi ba. Akwai mbr2gpt a cikin Windows ɗin da ke juyawa ba tare da goge fayil ba, amma ba zamu taɓa shi ba sai kin gama kwafe kayanki kin buɗe kin gani.

Malama: Toh, yau da daddare zan fara da hotuna, sune suka fi yawa. In na gama zan yi magana.