Tibi mai inci 55: Hisense U6, TCL C645 ko Samsung Crystal, wacce zan ɗauka?

Baban_Ummi ya rubuta:

Assalamu alaikum 'yan uwa. Don Allah masana harkar kayan wuta ku agaza min da shawara. Tsohuwar filasma ta mai inci 32 ta yi mana wajen shekara tara, yanzu ta fara nuna gajiya, kuma dama uwargida ta daɗe tana mita wai falon ya fi ƙarfinta. Na ɗan haɗa kuɗi amma ba irin na OLED ba, wannan kam sai manya, tsaka-tsaki nake nema. Jiya na shiga Sabon Gari na zaga shago uku, an nuna min Hisense U6 da TCL C645 da Samsung Crystal, duk inci 55, duk an rubuta 4K a kwali, kuma wallahi a shagon kowacce kyau take yi kamar ka miƙa hannu ka ciro tsuntsun da ke ciki, sannan kowane mai shago wadda ya fi so ya rabu da ita yake koɗawa, na fito kaina ya ƙara kullewa.

Abin da muke kallo ba yawa, ni ƙwallo a DStv, ita Arewa24 da tashar Makka a dish, yara kuma YouTube. Da daddare inbata muke amfani da ita. To wacce ta fi hoto? Wacce ta fi sauti? don ni in fanka tana juyawa da ƙyar nake jin mai sharhi. Kuma shi wannan simat ɗin, wato tibi mai shiga intanet, da gaske yana da amfani ko ƙarin kuɗi ne kawai?

Injiniya_KD ya rubuta:

Wa alaikumus salam Malam. Ni gyaran tibi nake yi, to bari in fara da abin da ka gani a shago. Wannan tsuntsun bidiyo ne na musamman da kamfani ya haɗa a 4K na gaske, kuma sun sa tibin a setin shago, haske ƙarshe, kala ƙarshe. Abin da za ka kalla a gida ba shi ba ne. 4K ɗigo 3840 sau 2160 ne, ƙwallon da kake kallo a tashoshin HD 1920 sau 1080 ne, wato kashi ɗaya cikin huɗu kenan, tashoshin dish na kyauta kuwa da yawansu ko HD ba su kai ba. Tibin ce za ta ja ƙaramin hoton nan ta baza shi ya cika inci 55, to a nan ake gane gwanar tibi. Mutane da yawa suna kai sabuwa gida su kunna dish su ga fuskar mutum ta yi dishi-dishi su dawo suna cewa an cuce su, alhali ba laifin tibin ba ne, a inci 32 ɗin ma haka hoton yake, ƙanƙanta ce ta rufa masa asiri.

Saboda haka in za ka koma, ka tafi da filas ɗinka ka zuba wani tsohon bidiyo mara ƙarfi sosai da wani mai duhu irin na dare, ka ce su cire setin shago su sa maka a duk ukun. Mai shagon da ya ƙi, ka wuce gaba.

Cikin ukun da ka lissafa ni U6 zan ɗauka in hoto ake magana, in dai U6K ce ko wadda ta biyo bayanta. Dalili, fitilun bayanta an raba su gida-gida, inda hoto yake da duhu sai ta rage fitilar wajen ta bar na inda ke da haske, shi ya sa baƙinta yake fita baƙi sosai. C645 QLED ce, kalarta tana da kyau ƙwarai, koren fili da jan riga suna fita ras, amma fitilunta gaba ɗaya suke tashi gaba ɗaya suke sauka, in ka kashe fitilar falo za ka ga baƙin ya ɗan yi toka-toka. Crystal ita ma haka, kuma Samsung gaba ɗaya ba sa saka Dolby Vision, wato tsarin ƙara wa hoto haske da kala, nasu HDR10+ ne, amma a gaskiya wajen gyara hoton tasha mara ƙarfi ba su da laifi ko kaɗan, sun iya. Kai da ba Netflix ka dame shi ba wannan Dolby Vision ɗin kar ya hana ka barci.

Wani abu da ba a cika faɗa ba shi ne zama. Fanel, wato gilashin da ke nuna hoton, iri biyu ne aka fi samu, VA da IPS. VA ta fi baƙi mai kyau amma wanda ya zauna a gefe zai ga kala ta koɗe, IPS kuma ko daga ina ka kalla ɗaya ne sai dai baƙinta bai kai ba. In falonka irin namu ne kujeru sun zagaye bango, yara a ƙasa, baƙi a gefe, to ka matsa can gefe a shagon ka leƙa da idonka kafin ka biya.

Maman_Khairat ta rubuta:

Baban Ummi maganar sauti kam ka cire rai, duk ɗaya suke. Mu ma bara muka sayi mai inci 55, ranar farko maigida ya ƙure murya har tibin tana zizz amma in ana hira a fim sai ka kasa kunne, kiɗa ne kawai ke tashi. Ashe sipikun ƙasa suke kallo, guda biyu 'yan ƙanana yawanci wat 10 kowacce, to ina za su saka babba a abin da bai kai kaurin littafi ba. Tsohuwar mai ƙeya da muke da ita a gidanmu da ta fi su murya wallahi. Daga baya muka sayi doguwar sipikar nan da ake ajiyewa a ƙarƙashin tibi mai haɗe da wufa, aka jona ta a ramin HDMI da aka rubuta ARC, shikenan rimot ɗaya ke ƙara murya ya rage. Shawarata kar ka ƙarar da kuɗinka kaf a tibi, ka rage na sipika ko da ƙarama ce. Kafin nan ka shiga setin sauti ka zaɓi wanda ke fito da magana, yana ɗan taimakawa.

Simat kuwa yana da amfani amma data fa! Yarana sun shanye min ta wata guda cikin kwana huɗu don YouTube da kansa yake hawa babban hoto in ya ga intanet da ƙarfi. Yanzu na koya musu su sauke shi zuwa 720, kuma na sa lambar sirri.

Ɗan_Fagge ya rubuta:

Oga duk abin da Injiniya ya faɗa haka ne amma ni abin da zan ja maka kunne a kai jabu ne. Akwai tibi da ake manna wa sunan babban kamfani a goshi, kwali ma an buga shi tsaf. Hanya mafi sauƙi, Samsung na asali manhajar Tizen ce a ciki, LG kuma webOS, duk wanda ya kunna maka "Samsung" ka ga Android a ciki to ka kama gabanka. Ka duba lambar da ke bayan tibin ta zo ɗaya da ta kwali da wadda ke cikin setin, ka karɓi rasit da katin waranti, kuma a buɗe a kunna a gabanka a sa farin hoto da baƙi ka duba ko akwai ɗigon da ya mutu. Fashewar sikirin ba ta cikin waranti, kuma kuɗin canja shi kusan kuɗin sabuwa ne, saboda haka a tsaye ake ɗaukarta, kar ka bari mai adaidaita ya kwantar da ita ya ɗora kaya a kai.

Ni kuma a nawa ra'ayin TCL zan ɗauka saboda Google TV, kana da Play Store ka sauke abin da kake so, kuma kana tura bidiyo daga waya kai tsaye. Hisense na nan tsarinsu VIDAA suke zuwa da shi, yana da sauri, akwai YouTube da Netflix, amma ba ya karɓar manhajojin Android. Kuma in kai mai kallo ta filas ne ka sani sababbin Samsung ba sa karanta sautin DTS da wasu finafinai ke zuwa da shi, sai ka ga fim yana tafiya shiru.

Injiniya_KD ya rubuta:

Ɗan Fagge ka yi gaskiya a kan jabu, amma ni ba zan zaɓi tibi don manhaja ba. Manhaja in ta tsufa ko ta fara nauyi, ɗan akwatin Android ko Fire TV Stick za ka saya ka soka a HDMI ka huta. Fanel da fitila kuwa yadda ka saya haka za ka zauna da su har ta mutu.

Baban_Ummi ya rubuta:

Allah ya saka da alheri, na ƙaru sosai. Hajiya na ji batun sipika, zan rage wani abu. Injiniya saura biyu, wani mai shagon ya ce min tasa 120 ce wai ƙwallo ba ta yin inuwa, gaskiya ne? Sannan inbata ta ƙarama ce, batir ɗaya, za ta ɗauka kuwa?

Injiniya_KD ya rubuta:

Duk ukun nan fanel ɗinsu 60Hz ne, wato sau 60 yake sabunta hoto a daƙiƙa ɗaya. Wannan 120 da ake bugawa a kwali da sunaye kala-kala dabarar manhaja ce, tibin ke ƙirƙiro hoto a tsakani, wani lokaci ma ita ke sa ka ga ƙwallon ta rabu biyu in an buga doguwa, in ka ga haka ka shiga setin motsi ka rage. 120 na gaske sai ka hau irin su Hisense U7, kuma mai na'urar gem ta PS5 ne ya fi cin moriyarsa, DStv ba ya turo hoton da ya kai haka.

Batun inbata, ka leƙa takardar da ke manne a bayanta an rubuta wat ɗin da take ci, inci 55 yawanci ya haura 100 a rubuce, ya fi na tsohuwarka, amma yawancin wutar fitilun baya ne ke sha. Da daddare ka sauke hasken zuwa rabi ko ƙasa, batir zai ƙara jimawa, idonka ma ya huta. Kuma aikin da ya fi zuwa min shago shi ne tibi tana magana ba hoto, in na buɗe fitilun baya ne suka ƙone saboda an bar haskensu a 100 dare da rana ga zafin Afrilu. In za ka rataye ta ka bar sarari a baya iska ta shiga, lokacin hunturu ka riƙa goge ƙurar ramukan da busasshen tsumma, sikirin kuma kar a fesa masa ruwa kai tsaye. Sai ɗan gad ɗin nan na soket mai jinkirta wuta in an kawo, ka saya rana ɗaya da tibin kar ka ce sai gobe, kuma in hadari ya taso ka zare wayar dish, don ta nan tsawa ta fi shigowa ta cinye ramukan HDMI.

Baban_Ummi ya rubuta:

To madalla. Asabar zan koma da filas ɗina, kuma da uwargida za mu je don ita ce mai zama a kujerar gefe. Ɗan Fagge in TCL ɗin ta fi fito da Arewa24 zan dawo in faɗa maka.