Kamfanin tafiya hutu ya ce yana kula da muhalli, ta yaya za a gane gaskiyarsa?

Yaya Babba: Assalamu alaikum 'yan zaure. Ina shirin kai iyali hutu a ƙarshen shekara, kuma na duba kamfanoni uku masu ɗaukar nauyin tafiya tun daga tikiti har masauki. Kowannensu ya rubuta cewa yana kiyaye muhalli, yana kuma tallafa wa mutanen wuraren da yake kai baƙi, ɗaya daga ciki ma har cewa ya yi tafiyarsa ba ta ƙara wa duniya hayaƙi ko kaɗan. Ina neman shawararku a kan yadda ake tantance irin wannan magana kafin a biya kuɗi, domin ba na son in yi cinikin biri a sama.

Malam Ƙarami: Wa alaikumus salam Yaya. Abu na farko, ka tambaye su wane ne ya zo daga waje ya bincike su ya ba su takardar shaida, domin yabon kai ba hujja ba ne. Akwai wata majalisa ta duniya da ake kira GSTC, mai kula da ƙa'idojin yawon buɗe ido mai ɗorewa, wato wanda ba ya cutar da muhalli da jama'a, da aka fitar tun 2008, sun kuma taɓo ɓangarori huɗu: yadda ake gudanar da kamfani, amfanin da jama'ar wuri ke samu, kare al'adunsu, da kare muhalli. Ita kanta majalisar ba ta ba kamfani shaida, masu bayar da shaidar take tantancewa. Idan sun ce suna da shaidar Travelife, ko otal ɗinsu yana da shaidar Green Key, ka shiga shafin mai shaidar da kanka ka ga ko sunansu na nan, kuma ko wa'adin shaidar bai ƙare ba.

Likita: Na goyi bayan Malam, kuma in ka ga tambarin ganye kore ba tare da sunan wanda ya bayar da shi ba, ka ɗauka su suka zana abinsu.

Hajiya Babba: Yaya Babba, bari in ba ka labarin abin da ya same mu, ko ya zame maka hannunka mai sanda. Shekara uku da suka wuce ni da maigida da yara biyu muka bi wani kamfani, wanda ba zan ambaci sunansa ba, zuwa wani tsibiri. Mun zaɓe shi ne musamman saboda alkawuran da ya yi a kan muhalli da taimakon talakawa, muka kuma biya fiye da abin da sauran suka nema, da zuciya ɗaya.

Da muka sauka, abin da na fara gani a banɗaki shi ne kati mai roƙon mu riƙa maimaita tawul don a rage ɓarnar ruwa. Na ji daɗi, na kuma bi umarnin. Amma ta taga ina kallon ana yi wa ciyawa ban ruwa da tsakar rana, ga wuraren ninkaya har uku cike taf. A rana ta uku, a kan hanyarmu ta fita, muka wuce mata da yara sun yi dogon layi da jarkoki suna jiran tankar ruwa, tazarar da ke tsakaninsu da katangar otal ɗin ba ta kai tafiyar minti goma ba. Na tambayi direba, ya yi shiru na ɗan lokaci, sannan ya ce tun da otal-otal suka haƙa rijiyoyin burtsatse masu zurfi, rijiyoyin ƙauyen suka fara gishiri, domin idan aka zuƙe ruwan daɗi da ke ƙarƙashin ƙasa a bakin teku, ruwan tekun ne ke kutsowa ya maye gurbinsa. Tun daga ranar na kasa kallon wannan katin tawul da idon da na fara kallonsa.

Na biyu, an ɗaura mana wani zobe na roba a hannu, alamar mun biya komai a dunƙule, aka kuma ja mana kunne kada mu sayi kome a waje, wai don lafiyarmu. Ma'anar wannan ita ce kwana bakwai muka yi a garin mutane, amma mai shago da mai sana'ar hannu da mai kwalekwale ba su ga ko ƙwandalarmu ba. Yarinyar da ke gyara mana ɗaki ta gaya mini cewa kwantiragin wata-wata ake ba su, da baƙi sun ragu a sallame su.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne ziyarar gidan marayu, wadda ita ce suka kira taimakon al'umma. An jera yara suka yi mana waƙa, baƙi suna ta ɗaukar su hoto suna rungumar su, ƙarfe goma na safe a ranar aiki. 'Yata ƙarama ta ja mayafina ta ce, Mama, su yau ba su da makaranta ne? Wallahi ban sami amsar da zan ba ta ba. Da muka dawo na rubuta wa kamfanin sau biyu ina tambayar nawa ne daga kuɗinmu ya isa ga yaran nan, har yau ba su amsa ba. Daga baya ne na karanta cewa ƙungiyoyi irin su Lumos da Save the Children suna ƙiyasta kusan kashi 80 cikin 100 na yaran da ke gidajen marayu a duniya suna da uwa ko uba a raye, kuma a wasu ƙasashe kuɗin baƙi ne ke sa a raba yaro da iyayensa don a cika gidan. Ostareliya ma a 2018 ta amince cewa safarar yara zuwa irin waɗannan gidaje nau'i ne na bautar zamani. Saboda haka shawarata, duk kamfanin da ya saka gidan marayu a jadawalin hutu, ka ajiye shi gefe.

Gwaggo: Innalillahi. Hajiya, tambayar yarinyar nan ta girgiza ni.

Baffa: Hajiya ta faɗi gaskiya, kuma ina so in ƙara da batun 'yan dako, domin su ne ake mantawa da su. A Dutsen Kilimanjaro na Tanzaniya ƙa'ida ita ce kada kayan da ake ɗora wa ɗan dako su wuce kilo 20, kuma akwai ƙungiyar KPAP da ke sa ido a kan albashinsu da abincinsu da wurin kwanansu, tana da jerin kamfanonin da suka yarda a duba su. A Peru kuma mutum 500 kawai ake bari su shiga tsohuwar hanyar Inka, wadda ake bi da ƙafa a cikin duwatsu, a rana, har da 'yan dako da jagorori. Ɗana, ko ba dutse za ka hau ba, ka tambayi kamfanin nawa yake biyan direba da jagora, kuma ko tukuicin da baƙo ya bayar yana isa hannunsu kai tsaye. Wanda yake biyan haƙƙi ba ya jin nauyin wannan tambaya.

Injiniya: Ni kamfanin nan da ya ce tafiyarsa ba ta ƙara hayaƙi shi ne ya fi damuna. Jirgin sama yana ƙona mai ne ko an so ko ba a so, kuma a tafiya mai nisa shi ne ke ɗauke da kaso mafi girma na hayaƙin hutun gaba ɗaya. Abin da suke nufi shi ne sun sayi takardun diyya, wato sun biya wani ya dasa itatuwa ko ya tsare wani daji a madadin hayaƙinsu. A watan Janairun 2023 jaridar Guardian da Die Zeit suka wallafa binciken da ya ce fiye da kashi 90 cikin 100 na takardun tsare daji da Verra, ƙungiyar da ke tantance irin waɗannan takardu, ta amince da su ba su rage hayaƙin da aka ce sun rage ba, duk da cewa Verra ta musanta. Hayaƙin jirgi yau yake fita, itacen da aka dasa kuwa sai ya yi shekaru kafin ya zuƙe shi, in ma gobara ko gatari ba su riga shi ba.

Ɗan Auta: Ranka ya daɗe Injiniya, a ganina da babu gara ba daɗi. Mutum zai hau jirgin nan ko da diyya ko babu, to me ya sa za a kushe wanda ya dasa itace?

Injiniya: Ban kushe dashen itace ba, Auta. Abin da na ƙi shi ne a ce wa mai saye hayaƙinsa ya goge, domin daga ranar da ya yarda da haka ya daina tunanin ragewa. Kamfanin Responsible Travel na Ingila tun 2009 ya daina sayar da wannan diyya saboda wannan dalili.

Ɗan Auta: Amma ai kai ma ka san jiragen sama kusan kashi 2.5 cikin 100 ne kawai na iskar kabon da duniya ke fitarwa. Ina ganin ana ɗora wa matafiyi laifin da ya fi ƙarfinsa, alhali masana'antu da tashoshin wutar kwal suna nan suna abin da suka ga dama.

Injiniya: Adadin daidai ne, sai dai mutane ƙalilan ne a duniya ke hawa jirgi, don haka rabon kowane fasinja babba ne. Sannan binciken da masana daga Jami'ar Sydney suka fitar a 2018 ya nuna cewa yawon buɗe ido, idan aka haɗa sufuri da masauki da ci da sayayya, ya kai kusan kashi 8 cikin 100 na hayaƙin da ke ɗumama duniya. Wannan ba ƙaramin abu ba ne.

Baffa: Ku biyun ku sassauta, duk abu ɗaya kuke nema, kuma kun bar mai tambaya a tsaye.

Lauya: Allah ya ƙara girma Baffa, ina neman izini in sa baki a gardamar, domin doka ta riga ta shiga cikinta. A watan Maris na 2024 wata kotu a Amsterdam ta yanke hukunci cewa da yawa daga tallace-tallacen kamfanin jirgin sama na KLM a kan tafiya mai ɗorewa sun yaudari masu saye. A shekarar ce kuma Tarayyar Turai ta zartar da dokar da ta hana a ce kaya ko hidima ba su da illa ga yanayi bisa hujjar diyya kaɗai, ta kuma hana kalmomi na gama-gari irin su "mai son muhalli" idan babu shaida, an tsara ta fara aiki a watan Satumba na 2026. Yaya Babba, ka tambaye su ko sun sa hannu a Sanarwar Glasgow ta 2021 kan rage hayaƙin yawon buɗe ido, wadda masu sa hannu ke goyon bayan rage hayaƙi da rabi zuwa 2030, suke kuma alkawarin fitar da tsarin aiki a rubuce cikin wata 12. Sa hannun kaɗai ba ya wadatarwa, tsarin aikin da rahoton shekara-shekara za ka nema.

Gwaggo: Jikokina sun dame ni da son hawan giwa. Shi ma akwai matsala ne?

Malama: Akwai, Gwaggo. Giwa ba ta yarda a hau ta sai an raba ta da uwarta tun tana ƙarama an karya mata zuciya da ɗauri da duka. Kamfanin Intrepid Travel na Ostareliya ya cire hawan giwa daga dukan tafiye-tafiyensa tun 2014, wasu da dama suka biyo baya. Ki kai su inda za su gan ta tana kiwo daga nesa, ba a taɓa ta, ba a yi mata wanka don hoto.

Likita: Haka nan duk inda za a miƙa maka ɗan zaki ko damisa ka riƙe a ɗauke ka hoto.

Malama: Akwai kuma batun cunkoso, wanda ba a cika tambayar kamfanoni a kansa ba. Gaɓar Maya da ke Tailan sai da aka rufe ta a tsakiyar 2018 saboda jiragen ruwa da dubban baƙi sun lalata murjanin da ke wurin, ba a sake buɗe ta ba sai Janairun 2022, tare da iyakance yawan masu shiga. Tsibirin Boracay na Filifin ma an rufe shi wata shida a 2018 saboda ƙazantar da ake zubawa a teku. Kamfanin da yake da gaske zai gaya maka mutum nawa yake haɗawa a tawaga ɗaya, zai kuma iya ba ka shawarar zuwa a lokacin da baƙi suka ragu, ko da hakan ya rage masa riba. Abin koyi a wajena shi ne Ruwanda, inda kashi 10 cikin 100 na kuɗin shiga gandun daji ke komawa ga ƙauyukan da ke kewaye da su, kuma mutum takwas kawai ke ziyartar iyalin gwaggon biri ɗaya a rana, na tsawon awa ɗaya.

Yaya Babba: Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Jiya na aika wa kamfanonin uku tambayoyi a kan shaida da albashi da gidan marayu da lissafin hayaƙi. Ɗaya ya turo rahotonsa na bara, har ya amince a ciki cewa hayaƙinsa ya ƙaru saboda ƙarin fasinjoji, kuma wannan amincewar ta sa na fi natsuwa da shi. Na biyu ya turo hotunan dashen itatuwa ba tare da ko adadi ɗaya ba. Na uku, mai cewa ba ya ƙara hayaƙi, bai amsa ba tukuna.

Ɗan Auta: To Injiniya, idan ba diyya ba, me Yaya zai yi da batun jirgin?

Injiniya: Ya nemi jirgin da ke tafiya kai tsaye, domin tashi da hawa sama suna shan mai sosai, kuma kowane yada zango yana ƙara su. Ya zauna a kujerun gama-gari, tunda kujerar alfarma tana cin wurin mutum biyu ko uku. Gara kuma hutu ɗaya mai tsawo da gajeru uku a shekara, sannan inda akwai jirgin ƙasa tsakanin birane ya bi shi. Faransa tun 2023 ta hana wasu gajerun jiragen cikin gida a hanyoyin da jirgin ƙasa ke kaiwa cikin ƙasa da awa biyu da rabi.

Ɗan Auta: Hanyoyi uku kacal wannan dokar ta shafa, ranka ya daɗe, don haka ban ga ta isa misali ba.

Hajiya Babba: Yaya Babba, a cikin tambayoyin da ka lissafa ban ga ta ruwa ba. Don Allah ka sake rubuta wa na farkon, ka tambaye shi daga ina otal ɗin yake samun ruwansa, lita nawa na ruwa baƙo ɗaya ke amfani da shi a kwana ɗaya, kuma ko maƙwabtansa suna da famfo. Idan ya amsa ka turo mana nan, domin ni ma ina son in gani.