Ciwon ɓarin kan maigidana tun dawowarsa daga Iraƙi

Assalamu alaikum jama'a, don Allah a taimaka min, wallahi kaina ya ɗaure. Maigidana ya yi aikin sojan Amurka, an tura shi Iraƙi a 2007, sansanin Balad, inda ake da ƙaton ramin ƙona shara, robobi ne, tayoyi, batura, duk a watsa musu man jirgi a cinna wuta, shi kuma kullum yana shaƙar hayaƙin nan. Tun da ya dawo ciwon ɓarin kai ya sa shi gaba, ɓangaren hagu bayan ido, sau uku ko huɗu a sati, da amai, baya son haske ko kaɗan, warin fetur ko turaren wuta kawai ya ji shikenan ranar ta tafi, ni har turare na daina sawa a gidan.

An yi masa hoton kai na MRI ba a ga komai ba. Maganin sumatriptan yana ɗan sauƙaƙa masa amma likita ya hana shi wuce kwana 10 a wata, topiramate kuma mantuwa ya sa masa dole ya bari. Da dokar PACT, ta kula da tsofaffin sojojin Amurka da suka shaƙi irin wannan hayaƙin, ta fito a 2022 muka nemi haƙƙinsa, aka dawo mana da takardun wai ciwon ɓarin kai baya cikin jerin cututtukan da ake ɗauka kai tsaye hayaƙin ne ya jawo, sai mun kawo shaidar likita.

To wane irin likita ne zai duba shi ya rubuta mana takardar da ke haɗa ciwon da hayaƙin nan?