Kwikwiyona yana kashi da jini, me zan yi?

Ɗan Gadarif:
Assalamu alaikum. Na karɓo kwikwiyo don gadin awaki da gonar riɗi, watansa biyu, nauyinsa kilo 3. Tun jiya yake zawo da jini, yau ya yi amai sau biyu, ko ruwa ba ya son sha. Ba a taɓa yi masa allura ba. Don Allah masana ku taimaka.

Malamin Dabbobi, Sinnar:
Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Zawon jini da amai a kwikwiyon da bai kai wata shida ba, ba rigakafi, cutar fabo (parvo, cutar hanjin karnuka mai yaɗuwa) ake fara zargi. Ƙwayar cutar tana cinye fatar cikin hanji, shi ya sa kashin ke fita ruwa-ruwa, ja, da wani irin ƙarni da ba ya ɓuya. Ba ta da maganin da ke kashe ta kai tsaye. Abin da ke kashe kwikwiyo shi ne ƙarewar ruwan jiki da ƙwayoyin da ke ratsa hanji su shiga jini, kuma da zafin Gadarif kwana biyu ma ya isa.

Ka kai shi wurin likitan dabbobi yau, kada ka bari sai gobe. Ƙarin ruwa yake bukata, da allurar tsayar da amai da ta kashe ƙwayoyin cuta. Kafin ku isa, ka ɗaga fatar wuyansa ka saki: in ta tsaya ba ta koma ba, ruwa ya yi ƙasa sosai. Ka shafa masa ɗan zuma a dasashi don kada sukarinsa ya faɗi. In aman ya lafa, ka ba shi ruwan gishiri da sukari da sirinji, mil 5 duk bayan minti 15, ta gefen baki. Kada ka ɗura masa, zai shaƙe.

Hajiya Mai Wurno:
Malam ya yi gaskiya. Amma ɗana, ka buɗe bakinsa ka duba dasashin. In ya yi fari fat, kashin kuma baƙi ne kamar kwalta, to tsutsar ciki mai shan jini ce, wadda suke ɗauka tun daga nonon uwa. Ana ba da maganin tsutsa mai suna fenbendazole, miligiram 50 a kowane kilo, kwana uku a jere. Naka mai kilo 3, miligiram 150 ke nan a rana. Sau da yawa tsutsa da fabo tare suke zuwa, don haka ka ɗebi kashin a leda ka tafi da shi a auna.

Kada ka ba shi ibuprofen ko paracetamol na mutane. Na farkon gyambon ciki yake jawowa, jinin ya ƙaru. Allurar ivermectin ta shanu ma kada a yi masa da ka.

Malamin Dabbobi, Sinnar:
Sai batun gida. Ƙwayar fabo tana wata da watanni a ƙasa, sabulu ba ya kashe ta. Ka kwashe kashin ka binne, ka haɗa Clorox (ruwan bilic) kofi 1 da ruwa kofi 30, ka jiƙa kwanonsa da daɓen, ya yi minti 10 kafin ka ɗauraye. Ka raba shi da sauran karnuka. Fabo ba ta kama mutum, amma tsutsar tana shiga fatar ƙafa, don haka yara su daina taka wurin ba takalmi.

In ya warke, a fara allurar rigakafin fabo, a maimaita duk bayan sati 3 zuwa 4 har ya kai sati 16.