Shawarwari Kan Saɓanin da Ke Biyo Bayan Aron Doki

A wata tattaunawa kan aron doki, yawancin waɗanda suka tofa albarkacin bakinsu sun yi ittifaƙi cewa rigimar mai doki da wanda aka ba aro takan samo asali ne daga yarjejeniyar baka. Sun ba da shawarar a rubuta wanda zai biya likitan dabbobi, da wanda zai riƙa gyara kofato duk mako 6 zuwa 8, da ranakun da mai doki zai je dubawa. Abin da suka fi nanatawa shi ne a ɗauki hoton dokin ta gefe da ta baya ranar miƙa shi, domin idan haƙarƙarinsa suka fara fitowa, hoton ne zai raba gardama. Wanda kuwa ya sayar ko ya kyautar, a ganina hannunsa ya fita, sai dai in an rubuta sharaɗin mayarwa.