Me ya sa sai an zana taswirar kogo kafin a buɗe wa baƙi?

Ɗan Bauchi: Assalamu alaikum. Na shiga kogon Marshall a Yankari, ɗakunan nan da mutanen zamanin baya suka fafe a jikin dutse, har sai da na duƙa kafin na shige. Ina son jama'a su riƙa zuwa, amma wani ya ce mini sai an zana taswirar wuri irin wannan tukuna. Mene ne amfaninta?

Malamar Jogirafi: Wa alaikumus salam, ɗana. Taswira ce ke nuna inda ƙafa za ta taka da inda ba za ta taka ba. Masu aikin kan tsaya wuri-wuri da kamfas mai nuna gabas da yamma da na'urar awon nisa, suna rubuta tsawo da gangara, ɗaya yana zana bango a takarda. Nan za a gane makwancin jemagu da hanyar ruwan damina. Dubi kogon Son Doong na Vietnam: a 2009 masana daga Birtaniya suka auna shi, sai a 2013 aka fara kai baƙi, kuma kusan mutum 1,000 kawai ake bari a shekara. Wannan tsarin yana burge ni ƙwarai.

Baban Yara: Malama, ba ƙafa kaɗai ke ɓarna ba. Kogon Lascaux na Faransa numfashin 'yan kallo ne ya lalata iskar ciki, gansakuka ta fara cin zanen bango, dole aka rufe shi a 1963.

Ɗan Bauchi: Allah ya saka da alheri. To a nan gida, wa ya kamata ya ƙayyade yawan masu shiga?